Kuɗin da muka tara a Legas, me za mu yi wa garinmu da su?

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Maganata tana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Na je gida Babbar Sallah na yi kwana tara, kuma tun da na dawo abin da na gani bai bar raina ba. Garinmu bakin fadama yake, albasa ce cinmu da shanmu. Da kaka tireloli kan yi layi ana lodi har tsakar dare, kuma wani ɓangare na albasar da nake sayarwa a nan daga can take fitowa. Amma rijiyar burtsatse uku gare mu, biyu sun mutu, ɗayar kuwa famfon tuƙa-tuƙa ce da mata ke sammako tun kafin asuba su ajiye jarka. Asibitin sha-ka-tafi ba ka ganin ma'aikaci sai ranar kasuwa. Firamare kuma iska ta yaye kwanon aji biyu tun bara.

Mu 'yan garin da ke Legas mun shekara biyu muna zubi duk wata, yanzu kuɗin ya kusa naira miliyan 6. Ranar Lahadi za mu zauna a Agege. Wasu sun ce a haƙa sabuwar rijiya mai sola, wasu sun ce a faɗaɗa masallacin Juma'a, ni kuma ina ganin a gina babban wurin ajiyar albasa, don manomi ya daina karyar da ita da kaka. Na kawo maganar nan ne saboda akwai mutanen garuruwa da yawa a cikinmu, kuma na san ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Baba Ɗan Baga:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna gida. Kafin a zo kan kuɗi, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Ni a Doron Baga na tashi. Lokacin da nake yaro ba wanda ya taɓa tunanin ruwan Chadi zai iya ja baya. An ce a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 suka zo, ruwa ya janye har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Duk da haka mun rayu, muka bi ruwan muna su, inda ya bari muka shuka wake da masara. Bandar kifi kwali-kwali ake lodawa zuwa Maiduguri, daga can Onitsha da Ikko. Kuɗi ya shigo garin nan ba kaɗan ba. Me muka yi da shi? Mai hali ya ƙara kwale-kwale, ya ƙara koma, ya ƙara aure. Duk abin da muka mallaka a kan ruwa yake. Da aka kai wa Baga hari a watan Janairun 2015, aka kuma hana safarar kifi, mutumin da ke ciyar da gida talatin ya koma karɓar awo a sansani, domin ban da su ba abin da hannunsa ya iya. Ni ɗan abin da ya fisshe ni shi ne ina da kwastomomi a nan tun da. Saboda haka in ka ce garinku albasa kaɗai ya sani, gabana faɗuwa yake yi.

Direban Ijora:
Gaskiya ne Baba. Mu da muke kan hanya mun fi kowa ganin garuruwan da kasuwa ta gudu ta bari. A duba Ƙaura Namoda da Nguru. Layin dogo ya isa Ƙaura a 1929, ya isa Nguru a 1930, kuma don gyaɗa da auduga da fatu aka ja shi, ba don kowa ba. Nan kanti-kanti na Turawa da Kwara, wato 'yan Lebanon da Siriya, suka cika. Fari ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, gwamnati ta koma kan kuɗin mai, jirgi ya daina zuwa yadda ya saba. Yau ka tsaya a tsofaffin ɗakunan ajiyar nan ka ga girmansu, sai ka yi shiru.

Tsohon ɗan acaɓa:
Ni ban yarda da wannan tsarin ba gaba ɗaya, a gafarce ni. Rijiya da aji da asibiti aikin wa ne? Duk wata ana turo wa ƙaramar hukuma kuɗi daga Abuja. Mu da ke kwana a rumfa, muna ɗaukar buhu a ka, mu ne kuma za mu ɗauke wa ciyaman nauyinsa? In muka yi bana, baɗi ma mu za a jira. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu a watan Yunin 2022 da yawanmu ba mu tsaya da ƙafarmu ba. Kuɗin zubin nan na wasu na abincin 'ya'yansu ne.

Malamin Idi-Araba:
Ƙanena, maganarka tana kan hanya, amma ba ta hana ɗayar ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Kason da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi duk wata, mai waya zai iya nemowa. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi a nuna masa inda kuɗi ya shiga. Mu nawa ne a nan muka taɓa rubutawa? Kansilan mazaɓarmu muna da lambarsa, amma ba ma kiransa sai ɗan'uwanmu yana neman aiki ko za a yi suna. Ƙungiyar da ta iya tara miliyan 6 ta isa ta aika wakilai uku su zauna gaban ciyaman da takarda a hannu da hotunan aji maras kwano.

Tsohon ɗan acaɓa:
Malam mun taɓa zuwa a namu garin. An ba mu ruwan roba da kuɗin mota.

Malamin Idi-Araba:
Sau nawa kuka je? Kun koma? Kun je da dagaci da limami da shugabar mata, ko ku matasa kaɗai? Ba ina kare kowa ba ne. Na san akwai inda ko an je sau goma ba abin da zai motsa. Amma rufin aji bai kamata ya fito daga aljihun 'yan dako ba alhali ba a ko nema ba, a nan ina tare da kai.

Hajiya Mai Tuwo, Agege:
Na karanta duka. Ni daga ƙasar Anka na fito, kuma ina roƙon duk wanda aka samu wani dutse mai daraja a garinsu ya saurare ni. Lokacin da zinare ya yi kuɗi, maza suka bar gona suka shiga rami. Dutsen da aka haƙo cikin gida ake kawowa. Mata su daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki. A 2010 yara suka fara suma suna sanƙarewa, aka ɗauka iska ce ko cizon sauro, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano guba ce. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bagega ba a kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. A danginmu mun binne uku cikin wata guda, ɗaya a bayana ya cika.

A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Gwamnati ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage a Disambar 2024, kuma a tsakani duk mun san ramuka ba su zauna babu kowa ba. Zinaren yana Dubai, mu aka bar mu da kaburbura da 'yan bindiga. Ba mu samu titi ba, ba mu samu asibiti ba.

Baba Ɗan Baga:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa masu ceto ne, Hajiya.

Ɗan Bukuru:
Amin. Allah ya ba da haƙuri Hajiya. Kakana daga ƙasar Katsina ya je Filato aikin kuza, a nan ya haifi mahaifina. Bukuru da Barikin Ladi duk kuza ta kafa su, har gidan narka ta aka gina a Makeri. Da farashinta ya faɗi a kasuwar Landan a 1985, abin da ya rage na kamfanoni ya watse, aka bar mana tsibin ƙasa da kududdufai masu zurfi da ke cin yara da dabbobi. Abin da nake so in ƙara shi ne, mutanen wurin ba su zauna jira ba. Ruwan kududdufan nan suka sa wa inji suka shiga noman rani, kabeji da karas da latas da tumatir, wanda wani ma nan Mile 12 yake sauka. Ba gwamnati ta tsara musu ba. Amma sai da aka sha wuya ta shekaru kafin a gane. Yanzu ga mutanen Nasarawa ana rububin ma'adinin litiyom a ƙasarsu, ina fata su dube mu.

Malamin Idi-Araba:
Ga duk wanda kamfani mai lasisi ya shigo garinsu: dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa, kuma ana sabunta ta duk shekara biyar. Ma'adinai a hannun tarayya suke, lasisi daga Abuja yake fitowa, don haka wannan takardar kusan ita ce kaɗai igiyar da gari ke riƙe da ita. Matsalar, sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke sa hannu a ɗaki, gari bai ma san an yi ba. A nemi a karanta ta a bainar jama'a da Hausa.

Hajiya Mai Tuwo, Agege:
Mu dawo kan albasa. Alhaji Mai Albasa, ina da tambaya, kada ka ji haushi. Ka ce a gina wurin ajiya don manomi ya daina karyarwa da kaka. Rashin wurin ajiya ne ke sa shi karyarwa? Na san mutanen Kebbi da Sakkwato suna da rudu tun kaka da kakanni, na kara da ciyawa, kuma yana riƙe albasa watanni. Abin da na sani a wurinmu shi ne manomi bashi yake ci tun ranar shuka. Iri bashi, taki bashi, man injin ban ruwa bashi, balle tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Wa ke ba shi bashin? Ɗan kasuwa. Yaushe ake biya? Ranar da aka cire albasa, a farashin ranar, lokacin da ta fi kowane lokaci arha. To in kun gina, albasar wa za ta shiga ciki? Ta manomi ko taku?

Mai Albasa, Mile 12:
Hajiya ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa. Ni kaina ina da manoma bakwai da nake ba kuɗin taki da mai, kuma da kaka nake karɓa da buhu. Ban taɓa ɗaukarsa zalunci ba, domin in ban ba su ba babu bankin da zai ba su, kuma akwai shekarar da ruwa ya cinye gonakin ban karɓi ko sisi ba. Amma in na yi wa kaina adalci, buhun da na karɓa da kaka in na riƙe shi zuwa ƙarshen shekara yakan ninka, kuma ribar aljihuna take shiga. In aka gina wurin nan yau, mu 'yan kasuwa ne za mu cika shi. Wallahi ban kalle shi ta wannan fuskar ba sai yanzu.

Tsohon ɗan acaɓa:
Kuma a duba tsaro. Ni abin da ya fitar da ni daga gida ke nan. Kafin ka shuka ka biya, kafin ka girbe ka biya. Tara dukiyar gari wuri ɗaya a bayan gari kamar kiran su ne. In garinku lafiya lau ne to alhamdu lillahi, amma a yi tunani.

Direban Ijora:
Ko an ajiye ma sai an kawo. Daga can zuwa nan ta Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilorin da Ogbomosho, in hanya ta yi kyau kwana biyu zuwa uku, in mota ta lalace ko an samu cunkoso ƙasan lodi ya fara ruwa. Ga shingaye, kowa da rasit ɗinsa. Duk wannan daga kuɗin manomi ake cirewa, ba daga na mai saye a Ketu ba.

Nas 'yar Gashuwa:
Sai yanzu na sauka daga aiki na karanta. Ina goyon bayan ruwa, amma ba sabuwar rijiya ba. Yaya Mai Albasa, me ya kashe biyun? In ba ku sani ba, ta huɗun ma haka za ta mutu. Yawanci abu kaɗan ne: famfon ƙasa ya ƙone, ko an sace faifan sola, ko wata roba ta cinye a tuƙa-tuƙa. Wanda ya haƙa ya ɗauki hoto ya tafi, ba a bar wa kowa alhaki ba, ba asusun gyara. Kuɗin sabuwa ɗaya zai iya tayar da biyun har a samu ragowa. A koya wa matasa biyu na garin gyara, a saya musu kayan aiki, a sa ɗan abu kaɗan a kan jarka, kuɗin kuma ya zauna hannun mata, domin su ne ba za su bari ya mutu ba. A asibiti rabin yaran da nake gani da damina gudawa da amai ne, kuma daga ruwa ne.

Mu ma muna da namu. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta canja. Ambaliyar da ke zuwa ta tafi ta bar mana laka mu shuka ta rikice, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse wani ya bushe, tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya a ciki yana cinye shinkafa. Na ga maza sun shiga ruwa har wuya da lauje suna gayyar yankan kacala. Inda aka yi sau ɗaya aka bari ta dawo. Inda garuruwa suka raba wa juna kwanaki duk shekara, ruwa yana wucewa.

Alhaji na Alaba Rago:
Ina jin ana ta wuce maganar masallaci kamar ba a faɗe ta ba. Waɗanda suka kawo shawarar ba su yi laifi ba. In jama'a na sallah a rana ranar Juma'a, haƙƙi ne a duba.

Baba Ɗan Baga:
Ba su yi laifi ba Alhaji, Allah ya ba su ladan niyya. Amma masallaci ba ya rasa mai gina shi, ko attajiri ɗaya ya ji zai ɗauka. Gyaran famfo ne ba mai so, saboda ba a rubuta sunan kowa a jikinsa. Kuma da Sa'adu bin Ubada ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, shayar da ruwa aka ce masa. Masu alwala ma ruwan suke nema.

Alhaji na Alaba Rago:
Na karɓa Baba. In sun gyara ruwan, a ja bututu ɗaya zuwa masallacin. Rumfar kwano ta masu sallah a waje kuma ni zan yi, a ba ni awon wurin.

Ɗan Bukuru:
Ma sha Allah, Allah ya saka. Saura maganar Baba ta farko, kada ta ɓace. Ko an gyara ruwa, garin yana nan kan albasa ɗaya. Mutanen Kachia da Kagarko da Jaba citta ce arzikinsu, cutar 2023 ta shiga gonaki ta ruɓar da ita a ƙasa, mutane suka rasa har iri. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta yi wa tumatir haka a Kano da Kaduna da Katsina, har masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a shekarar ta tsaya don babu kaya. Ba na ce a bar albasa ba. Amma in za a ba manomi rance, a sa sharaɗin ya ware ko kwata na gonarsa ga wani abu daban.

Hajiya Mai Tuwo, Agege:
Kuma rancen kada a mance da mata. Macen da ke da akuya uku da injin markaɗe ba ta jiran kakar albasa kafin ta kai yaro asibiti. Mun iya adashe, ba sai an koya mana riƙon amana ba.

Tsohon ɗan acaɓa:
Rance tsakanin 'yan gari ɗaya yana da wuyar karɓa. Kawunka ne zai ci ya ce kuɗin 'ya'yanmu ne na Legas. Sai dai a haɗa su biyar-biyar, in ɗaya bai biya ba sauran ba za su samu na baɗi ba. Kuma a rubuta a gaban dagaci. In haka ne ni ma na sauko, amma maganar zuwa wurin ciyaman tana nan.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode ƙwarai jama'a. Na kira ƙanena yanzu, gobe zai ɗauko mai gyara daga hedikwatar ƙaramar hukuma ya duba rijiyoyin biyu ya faɗi kuɗi kafin Lahadi. Zan janye shawarata ta ginin ajiya. Abin da zan gabatar shi ne gyaran ruwa da asusunsa, sauran kuɗin a fara rance ba ruwa ga manoma da mata, a riƙa biya bayan albasa ta yi daraja ba da kaka ba. Ni kuma manomana bakwai bana zan bar su su riƙe rabin albasarsu a rudu, in jira kuɗina. Ban san ko sauran 'yan kasuwarmu za su yarda ba, akwai waɗanda na san za su yi faɗa da ni sosai. Malam, ina roƙon ka rubuta mana takardar ciyaman kan rufin aji da ma'aikacin asibiti, da Hausa da Turanci.

Malamin Idi-Araba:
Zan rubuta daren yau. Turo mini sunan mazaɓar da yawan ɗalibai da hotunan azuzuwan, a ɗauka da rana yadda sama za ta fito ta rufin.

Nas 'yar Gashuwa:
Yaya a ce wa mai gyaran ya ɗebo ruwan kowace rijiya a kwalba mai tsabta a kai gwaji kafin a fara sha. Wadda ta daɗe a rufe sai an wanke ta.

Direban Ijora:
Ina da lodin da zai bi ta wajenku ranar Laraba ta sama. In famfo ko faifan sola za ku saya a Alaba, ku kawo Ijora kafin azahar ranar Talata, ba sai kun biya kuɗin mota ba.